Inda Za a Kafa Ƙusa

Tsohuwa ta faɗi ne a watan Satumba, ranar da guguwar teku ta shigo jihar Virginia ta kwashe rufin coci biyu da gadar katako ɗaya a garinmu. Tsohuwa kuwa ba mace ba ce. Bishiya ce, irin waɗanda ake kira saifras, masu tsayuwa da ƙafafunsu cikin ruwan fadama shekara da shekaru ba su ruɓe ba. Kowa a garin da wannan sunan ya san ta. Lemuel Spratley, kafintan da ya yi wa rabin garin teburin cin abinci, a gindinta ya kama tarwaɗarsa ta farko yana ɗan shekara bakwai, ga shi yanzu yana da saba'in da uku. Da aka zo aka gaya masa ta faɗi, sai ya ajiye guduma ya zauna a benci, ya daɗe a zaune har wanda ya kawo labarin ya rasa yadda zai yi ya sulale.

Mai fadamar ya yi wa gari kyautar yanka guda daga jikinta. Gindin ya riga ya zama kogo, sai aka hau can sama inda itacen yake cike har zuciya, aka yanko faifai guda kamar yadda ake yanka albasa. Faɗinsa ya fi tsawon dogon namiji in ya kwanta. Mutum takwas da igiya da nishi suka ɗora shi a mota, aka kai rumfar Lemuel don ya bushe a inuwa, ya goge shi, a jingina shi a zauren sabon ɗakin karatu na gari. Bushewar kaɗai ta ci shekara biyu. Da wata biyu ta ci, da wataƙila ba a yi rigima ba. Amma shekara biyu ta isa mutane su yi tunani, mutanen garinmu kuwa in suka yi tunani da yawa sai maƙwabta sun ji su.

Malama Verna Holloway, wadda ta yi shekara talatin tana riƙe da gidan waya kafin ta yi ritaya, ita ce shugabar kwamitin ɗakin karatun, kuma ita ta kawo shawarar, da zuciya ɗaya. Ta ce tunda bishiya zobe ɗaya take ƙarawa a jikinta kowace shekara, daga zuciya zuwa ɓawo, sai a ƙirga a nemo zoben shekarar da aka kafa ƙasar nan, a kafa masa ƙusar tagulla guda ɗaya, a rubuta a ƙasa: Daga nan muka fara. Yara su zo su taɓa da hannunsu. Kowa ya tafa. Sai da aka miƙe za a fita ne wani ya tambaya, to wace shekara ke nan?

Harlan Savedge, manomin gyaɗa, bai ga abin tambaya a nan ba. Daga mashigar jirgin fito ta garinmu ana hango Jamestown a hayin kogi, inda jirage uku suka sauke mutanen Ingila ɗari da 'yan kai a 1607, suka kafa shinge suka zauna. Harlan yana da takarda cikin gilashi a falonsa mai nuna wani kakan kakansa ya biyo bayan waɗannan jiragen ba da daɗewa ba, kuma ba a shan shayi a gidansa ba a ga takardar ba. Corliss kuwa, 'yar Lemuel, mai koyar da tarihi a sakandare, ta ce 1619, shekarar da wani jirgi ya sauke mutum ashirin da 'yan kai daga Afirka a bakin ruwa aka musanya su da abinci. Ta ce in ana maganar "mu", to ranar aka zama mu, don ranar ce hannun da ya share gonakin taba ya sauka, ba da son ransa ba. Su biyun duka suna cikin kwamitin.

Wani mai son zaman lafiya ya ce a kafa ƙusa biyu mana. Ɓangaren Harlan suka ce sun yarda, muddin rubutun yana ƙarƙashin tasu, tunda ita ce ta fari. Ɓangaren Corliss suka ce wato su sake shiga ta ƙofar baya ke nan kamar zamanin wariyar launin fata. Shekarar zaɓe ce kuma. Kafin gyaɗa ta yi fure, maganar ta fita daga ɗakin kwamiti ta shiga rediyo, ta shiga bakin masu neman kujera, mutanen da ba su taɓa ganin fadamarmu ba suka riƙa zuwa da na'urar ɗaukar hoto suna tsare tsofaffi a gidan mai. Ƙofar gidaje ta cika da alluna, ba rubutun komai sai lamba huɗu, 1607 ko 1619. Matar da ke sayar da soyayyar gyaɗa a bakin hanya ta kafa duka biyun, ɗaya a kowane gefen tebur, ta ce ita gyaɗarta ba ta da jam'iyya.

Kwamitin mutum bakwai ne. Uku nan, uku can, Malama Verna a tsakiya ta ƙi ɗaga hannu. Da aka gaji, sai aka yanke abin da kowa ya ce ba ya so amma kowa ya sa wa hannu: in Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba ta zo ba a daidaita ba, Lemuel ya raba faifan gida biyu da zarto, rabi ya tafi tsohuwar kotu da ƙusarsa, rabi ya tafi zauren cocin su Corliss da tasa ƙusar.

Lemuel ya yanka itace a rayuwarsa fiye da yadda zai iya tunawa, bai taɓa jin hannunsa ya ƙi zarto ba sai wannan karon. Kullum da safe in ya buɗe rumfa ya ga faifan kwance a kan jakunan katakon da yake ɗora aiki, sai ya ji kamar an ce masa ya raba gawar uwarsa tsakanin 'ya'ya masu gaba. Bai gaya wa kowa ba. Shi ba mutum ne mai magana a taro ba. Kuma akwai wani abu: shekara arba'in shi da Harlan suna fita kamun kifi kowace Asabar a kwale-kwale ɗaya. Dukansu sun san kakannin Spratley sun yi noma a gonar Savedge suna bayi, ba a biya su ko sisi ba, amma a cikin kwale-kwale ba a maganar komai sai kifi da ciwon gwiwa. Tun bazara ba su fita ba.

Ranar wata Lahadi bayan coci Corliss ta zo da kwanon wake da burodin masara. Ta ajiye kwanon, ta buɗe jaka ta fito da ƙusar tagulla mai faffaɗan kai, irin wadda ake kafa wa kujerun fata, ta ajiye a bencinsa.

"Baba, har yau ba ka ce komai ba."

"Ni kafinta ne, Corliss. A ba ni awo in yanka."

"Haka kake ce wa Kawu Harlan a kwale-kwale? Shekara arba'in gwiwa da gwiwa, ba ka taɓa tambayarsa wa ya share wa kakansa gona ba?"

"Ya sani. Na sani. Kifayen ma sun sani."

"To ni bango nake so ya sani."

Ta ce gara mata rabi mai faɗin gaskiya da cikakke mai rufe ta. Ya dube ta ya ga haɓar uwarta, marigayiya, wadda ita ma in ta kafe sai dai a zagaye ta. Bai ga laifinta ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Ya ci waken ya ce gishiri ya yi daidai.

Ranar Talata Harlan ya zo, wai aron guduma. Lemuel ya tuna masa yana da guduma uku a gida. Harlan ya ce duk sun tsufa sun lalace kamar mai rumfar nan. Ya tambayi gwiwa, aka ce tana nan, ya tambayi ɗaya gwiwar, aka ce ita ma tana gaishe shi. Ya zagaya faifan sau biyu hannu a aljihu, sannan ya fito da tasa ƙusar ya ajiye a benci kusa da ta Corliss. Shagon kayan gini ɗaya ne a garin, saboda haka ƙusoshin biyu kamar tagwaye suke.

"'Yarka ta kira ni mai bautar takarda a rediyo," in ji Harlan.

"Ta raga maka. Da ka ji abin da take kira na."

Harlan bai yi dariya ba. Ya cire hula ya sake sawa. "Lem, ban ce ba a yi abin da aka yi ba. Amma mutanen nan wata huɗu suka yi a kan teku cikin abin da bai fi rumfar nan da yawa ba, kuma yawancinsu mutuwa suka yi. Ba zan tsaya ina kallo a goge su ba."

"Ba mai goge komai a nan sai ni," Lemuel ya ce, ya ɗaga masa samfefar da ke hannunsa.

Harlan ya ɗauki gudumar ya tafi.

Ko a yanka ko kada a yanka, dole a nemo zobban, kuma wannan aikin Lemuel ne. Ya yi kwana shida yana gugar fuskar faifan, daga samfefa mai kaushi har zuwa mai laushin da ba a jin ta a yatsa, har itacen ya fito da launin zuma. Sannan ya ɗauko gwangwanin alluran matarsa da gilashin ƙara girman abu, ya jawo faifan bakin ƙofa inda hasken safe ke faɗowa a kwance. Ya fara daga ɓawo, daga shekarar guguwa, yana komawa baya. Kowace shekara goma ya soka allura, kowace ɗari ya soka mai jan zare.

Abin da ya fara tsayar da shi shi ne kansa. Shekarar da aka haife shi ba ta fi faɗin yatsa biyu da rabi daga ɓawo ba. Aurensa, haihuwar Corliss, jana'izar matarsa, tebura da kujeru da akwatunan gawa da ya ƙera, duk a cikin yatsa biyu da rabi. Ya ci gaba. Shekarar da yaƙi ya ƙare aka 'yanta bayi, tafin hannu ɗaya ya rufe ta daga ɓawo. Ya daɗe da gilashi a kan wannan zoben yana neman wata alama, bai ga komai ba. Zobe ne mai kyau, an yi ruwa a shekarar.

A rana ta huɗu ya soka jan zare na huɗu, ya wuce kaɗan, sai zobban suka matse. Da ma na saifras sirara ne, amma waɗannan kamar gashin jariri suke, guda bakwai a jere, manne da juna, sai ya riƙe numfashi kafin ya iya raba su da ido. Ya ɗauka idonsa ne. Ya wanke fuska ya dawo, suna nan. Don ya tabbatar, ya koma ɗaya gefen faifan ya sake ƙirga daga ɓawo, kwana uku cur, ya iso wurin ya tarar shida ne a can, ba bakwai ba. Sau uku yana maimaitawa. Bishiyar ta ɓatar da shekara guda a gefe ɗaya.

Akwai wata malamar jami'a mai nazarin itatuwa da ta zo kallon Tsohuwa lokacin da ta faɗi, ta bar katinta a kan taga. Lemuel ya kakkaɓe masa ƙura ya buga mata waya yana ba da haƙuri, yana cewa shi bai yi makaranta mai zurfi ba, wataƙila ya yi kuskure. Matar ta yi dariyar murna har sai da ya janye wayar daga kunne. Ta ce bai yi kuskure ba, ya iso ne. Ta ce tsofaffin saifras na fadamun nan duk suna ɗauke da wannan tabon na shekara bakwai, fari ne da ba a yi irinsa ba a wannan yankin cikin kusan shekara ɗari takwas. Siriri na farko daga ciki shi ne 1606. Wato jiragen sun iso ne a shekara ta biyu ta wannan rashin ruwan. Game da wanda ya ɓace kuma, ta ce ya bi shi da gilashi a hankali, zai ga inda ya ƙare, don in ƙishirwa ta kai maƙura bishiya takan kasa zagaye jikinta da zobe.

Ya bi shi. Zoben ya tafi yana sirancewa, ya zagaya kamar kashi biyu cikin uku na faifan, sannan ya narke cikin maƙwabcinsa ya ɓace, kamar muryar wanda ya yi kira har ya gaji. Shi ne na huɗu a cikin bakwai ɗin. Lemuel ya lissafa da yatsa: 1609, shekarar da lokacin sanyinta yunwa ta cinye mazauna shingen hayin kogi har saura kamar mutum sittin.

Ya zauna a kan bokiti. A makarantarsu ta da, an koya musu cewa jarumai ne suka zo. Corliss tana koya wa ɗalibanta cewa sun zo suna neman zinariya, da yunwa ta kama su suka ƙwace masarar mutanen kogi, 'yan asalin wurin, da bindiga. Ya yarda duka biyun suna iya zama gaskiya. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ba a yi ruwa ba. Cewa waɗanda aka je ƙwatar masararsu su ma rumbunsu ya kusa ƙarewa, cewa kogin ya ja baya gishirin teku ya hauro, kowa da kowa yana duban sama guda. Ita kuwa Tsohuwa tana tsaye a fadamar da ta koma busasshen taɓo, ba ta san sarkin Ingila ba, ba ta san jirgi ba, ta rubuta abin da ta sani kawai, kuma ga shi a ƙarƙashin babban yatsansa. Ya ji kamar ya shiga coci da hula a kai.

Da ya dawo hayyacinsa ya soka allura a 1607. Ya ƙirga goma sha biyu zuwa wajen ɓawo ya soka wata a 1619. Ya dubi alluran biyu. Ya juya ya dubi ƙusoshin da ke kan benci. Sai dariya ta kama shi, shi kaɗai a rumfa, har ya share hawaye da gefen riga.

Ranar Alhamis da la'asar kwamiti suka zo su bakwai, bayan sun shafe safiya suna gardama a ofis ba su daidaita ba. Mutane sun taru a waje, masu alluna a wannan gefen hanya da masu alluna a wancan. Lemuel ya riga ya yi abin da aka umarce shi: ya ja layin alli daga ɓawo zuwa ɓawo ta tsakiyar zuciyar faifan, ya wasa dogon zarto ya ajiye a kan benci. Ya ce yana da roƙo ɗaya kafin ya yanka. Kowane ɓangare ya zo ya ɗora ƙusarsa da hannunsa a inda yake so, don kada gobe a ce kafinta ya karkata. Ya zare alluran biyu, ramukansu suka rage, ya miƙa wa Harlan gilashi.

Harlan ya sunkuya da ƙyar yana dafe da gwiwa. Ya tambaya mene ne waɗannan siraran, ko itacen ne ya yi ciwo. Lemuel ya gaya masa, a taƙaice, yadda malamar jami'a ta gaya masa, da murya irin ta cikin kwale-kwale. Harlan ya tambaya wanne ne na lokacin yunwa. Lemuel ya kama hannunsa da gilashin ya bi da shi zoben har inda ya ɓace. Harlan ya daɗe a sunkuye, fiye da yadda bayansa ke yarda. Da ya ɗago, hular tana hannunsa. Ya karɓi ƙusa ya ɗora bakinta a ramin 1607 ya danna kaɗan da yatsa ta tsaya.

Corliss ta karɓi gilashin ta sunkuya da tata ƙusar. Ta duba, ta sake dubawa.

"Kawu Harlan, ka rufe tawa."

"Ban taɓa taki ba, yarinya."

"Ina ramin? Baba, ina ramina?"

"Yana ƙarƙashin kan ƙusarsa," in ji Lemuel. "Cire tasa ki sa taki ki gani."

Ta cire ta Harlan ta dasa tata a 1619. Harlan ya leƙa ta kafaɗarta, ya nemi ramin 1607 ya rasa. Kan ƙusar tagulla ya fi shekara goma sha biyun nan faɗi, har da saura a kowane gefe. Wata uku ana zagin juna a rediyo a kan tazarar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Wani daga cikin kwamitin ya ce a nemo ƙaramar ƙusa mana. Lemuel ya ce wadda za ta tsaya a kan shekara ɗaya ba ta taɓa na kusa ba, allura ce, kuma yaro ba zai gan ta daga ƙofa ba, in ya taɓa kuma ta soke shi.

Corliss ba ta bar gilashin ba. Tana ta kallon bakwai ɗin nan, leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Ta ce a hankali, ba da kowa take ba, shekara goma sha huɗu tana koyar da wannan babin ba ta taɓa ganinsa ba sai yau.

A nan ne Malama Verna ta ajiye jakarta. Mace ce gajeriya mai shekara tamanin ba ɗaya, kuma tsofaffin garin sun san abin da ita ba ta cika faɗa ba, cewa kakarta daga mutanen kogi take, waɗanda aka tarar a nan, waɗanda a zamanin kakar aka canza musu suna a takardun haihuwa har wasu suka daina ambaton asalinsu. Ta naɗe hannun rigarta ta cocin, ta kwanta da ƙirji a kan faifan, kafaɗarta daidai kan ƙusar, ta miƙa hannu zuwa zuciyar itacen. Ta miƙa iyakar miƙawa. Yatsunta ba su kai ba.

"Lemuel, nawa ne a nan ciki?"

"Na kai ɗari shida bayan ƙusar, Malama, alluran marigayiya suka ƙare. Ban iso ba tukuna."

Ta bar hannunta a shimfiɗe a kan itacen, kumatunta a kan zobban. "Duk tsawon hannun nan nawa akwai masu wuta da kwale-kwale da 'ya'ya a bakin kogin nan," ta ce. "Ni ban kawo ƙusa ba. Ban san inda zan sa ta ba."

Daga waje ana jin wani yana ta maimaita lambarsa da lasifika, amma a cikin rumfa sautin ya zo kamar daga wani gari. Mutum biyu suka taimaka mata ta miƙe, garin katako ya manne a gaban rigarta, ba ta kakkaɓe ba.

Lemuel ya ɗauki zarton. Ya aza haƙoran a kan layin alli, sannan ya nuna musu tsakiyar faifan, wani ɗigo mai duhu da bai fi bakin fensir ba. Ya ce wannan ita ce shekarar da Tsohuwa take tsiro, tsawonta bai kai gwiwar yaro ba. Ya ce in aka raba daidai yadda aka rubuta, zarto ta nan zai bi, kuma kaurin bakinsa ya fi ɗigon, saboda haka ba ɓangaren da zai samu, gari za ta zama a share ta da tsintsiya. Ya ce shi an ba shi awo, in sun ce ya yanka zai yanka, amma su faɗa da bakinsu yana kallonsu.

Malama Verna ta ce duk wanda yake so a bar faifan cikakke ya ɗaga hannu, ta fara ɗaga nata, karo na farko cikin wata shida. Harlan ya ɗaga, hularsa a ciki. Wasu biyu suka bi. Corliss ta dubi zarton, ta dubi ubanta, ta dubi kan ƙusar da ke tsaye. Ta ɗaga hannu a hankali, kamar yana da nauyi. Biyar da biyu. Biyun da suka ƙi suka fita suna cewa za a ji su a rediyo, kuma an ji su.

"Rubutun fa, Kawu Harlan," in ji Corliss. "Kada ka ɗauka mun gama."

"Mu da ba mu ma san inda muka fara ba," Harlan ya ce.

Aka tambaya ƙusar wa za a kafa. Lemuel ya zare wadda ke tsaye, ya haɗa da ɗayar a tafin hannu ya girgiza, ya ɗauki guda, ya jefa guda a gwangwanin allura. Ya ɗora bakinta tsakanin ramukan biyu. Ya waiwaya neman guduma, sai ya tuna tana gidan Harlan, Harlan kuwa ya rantse ya manta. Da ƙotar zarton ya buga ta, sau uku, a hankali. Sannan ya rataye zarton a ƙusarsa ta bango, ya jiƙa tsumma, ya goge layin allin daga ɓawo zuwa ɓawo.

Faifan yana zauren ɗakin karatu yanzu, a jingine da bango, cikakke. Allon da ke ƙarƙashinsa har yau ba rubutu, kwamiti yana zama a kansa duk Alhamis ɗin farkon wata, ana ɗaga murya, ana shan shayi mai ƙanƙara, ana ɗagawa zuwa wata mai zuwa. Kan ƙusar ya yi ƙyalli saboda taɓawa. Yaran da ake kawowa daga makaranta ba wanda ya koya musu, amma kusan kowannensu in ya taɓa ƙusar sai ya manna kafaɗa a kanta ya miƙa hannu zuwa tsakiya ya ga ko zai kai. Gudumar ta dawo wata Asabar da sassafe, a bayan motar Harlan, kwance tsakanin sandunan kamun kifi. Corliss kuma ta sayo wa ubanta sabon gwangwanin allura, kuma mai gadin ɗakin karatu yana buɗe masa ƙofa kafin kowa, lokacin da hasken safe ke faɗowa a kwance. Ya wuce dubu ɗaya bayan ƙusar tun kafin Kirsimeti, kuma har yanzu da sauran faɗin yatsa uku tsakaninsa da ɗigon.